Neman shawara: wane fikof zan sa wa jitata mai feda?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune kusa da Nashbil a jihar Tenesi ta Amurka, kuma shekara biyu ke nan ina koyon jitar nan ta kwance mai feda, wadda ake zamar da ƙarfe a kan tsirkiyoyinta. Ta hannu na saya, wuya ɗaya, tsirkiya 10, saitin E9 (sunan tsarin da ake ɗaure sautin tsirkiyoyin a kai). Fikof ɗinta mai kwayil ɗaya ne, wato naɗin waya guda. Ba motar ɗaukar kaya nake nufi ba, abin nan da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya miƙa wa amfilifaya. A gida sautinta garau, babu abin da zan ce. Amma a zauren da muke kiɗa ranar Asabar, da na taka fedar ƙara sauti sai ƙugi ya taso, har mai ganga ya fara hararata. Ina so in canza. Wanne zan saya?

Mai gyaran amfilifaya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kada ka yi saurin zaro kuɗi, a fara sanin ciwon tukuna. In kun je zauren, kunna komai, ka ɗan juya jitar hagu da dama. Idan ƙugin yana ƙaruwa yana raguwa, to kwayil ɗin ne yake kwasar wutar ginin, wadda a Amurka take kaɗawa sau 60 a daƙiƙa. Fitilun da ake rage musu haske su ne kan gaba wajen wannan ɓarna. Idan kuwa ƙarar zizi ce da ba ruwanta da juyawa, duba wayar at, wato wayar ƙasa, da dalmar da ke bakin soket. Wannan ko ka sayi fikof goma ba za ta tafi ba.

Wani mai kiɗa a Tekzas:
Ni dai na daɗe da komawa mai kwayil biyu. An naɗa su ne saɓanin juna, ƙugin ɗaya yana kashe na ɗayan. Kamfanin George L's suna da E-66, sautinsa da kaifi, an yi shi ne don ya kusanci irin na jitar Emmons ta da. Akwai 710 na Bill Lawrence, shi ma mai kaifi ne. Telonics sun fi tsada, amma suna da wanda za ka daidaita ƙarfin kowace tsirkiya da sukuru, abin da ke da amfani idan tsirkiya ta uku tana maka tsiwa.

Dattijon rukuni:
Yaro, ka ji nasu, ga nawa. Abin da ka ce yana maka daɗi a gida, kwayil ɗayan nan ne ya ba ka shi. Akwai wani zaƙi da ke fitowa a saman wuya, bayan layi na 12, wanda ni kunnena bai taɓa jin mai kwayil biyu ya kawo shi cif ba. Wasu za su musa, ba laifi. In ƙugin yana cin ka ne kawai tsakanin waƙoƙi, koyi mayar da fedar sautin baya, shi ke nan. Da kiɗa ya kankama babu mai jin sa. In kuma ka nace sai ka canza, to ka nannaɗe tsohon a tsumma ka adana. Ko ya mutu ana sake masa naɗi, kuma ranar da za ka sayar da jitar mai saye zai tambaye shi.

Mai gyaran amfilifaya:
Baba ya yi gaskiya kan adanawa. Sai dai abin da ba wanda ya ambata: gurbi. Gindin fikof ɗin jitar nan iri biyu ne, mai faɗi da siriri. Auna tsakanin ramukan sukuru, auna daga tsirkiya ta 1 zuwa ta 10, ka faɗa wa mai sayarwa sunan jitarka kafin ka biya. Sa mitar awon lantarki ka ga juriyar tsohon ma, wadda ake aunawa da om. Na E9 galibi suna kaiwa om 17,000 zuwa 20,000, kuma yawan naɗi yakan ƙara kauri ya rage kaifi. Wajen ɗaurawa, bar tazarar kaurin kwabo biyu na Amurka masu darajar santi 25 tsakaninsa da tsirkiya, wajen milimita 3.5, daga nan ka bi kunnenka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Jiya na gwada a zauren. Da na juya jitar ta fuskanci ƙofa, ƙugin ya ragu sosai, amma a haka na ba jama'a baya. Mita ta nuna 17,600, gindin kuma siriri ne. Na yi odar mai kwayil biyu. Baba, ka yi haƙuri, tsumman dai na tanada.