Abin da Masana Suka Ce kan Auna Illar Gurɓatar Muhalli ga Lafiya

Masanan da suka tattauna kan yadda ake auna wannan illa sun fi nanata abu ɗaya: a auna abin da ke shiga jikin mutum, kada a tsaya kan abin da ke fita daga bututun masana'anta. Na'urar da aka kafa a saman gini ba ta san hayaƙin da mai girki ke shaƙa a cikin ɗaki ba. Sun ce a riƙa ɗaukar awo a lokuta daban-daban na shekara, a kuma ware lissafin yara, domin gwargwadon nauyin jikinsu sun fi manya shan ruwa da shaƙar iska.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce ƙurar PM2.5, wato ƙura mai matuƙar ƙanƙanta da ke iya shiga can cikin huhu, kada ta wuce maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara. Dalma kuwa ba ta da wani adadi da ba ya cutarwa.

Inda aiki ke lalacewa shi ne idan aka manta da shan taba ko rashin abinci mai gina jiki, sai a ɗora wa iska laifin da ba nata kaɗai ba. Shi ya sa suka nemi a riƙa bai wa masu tsara doka adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma na ƙiyasin illar, a bayyana musu inda shakka take.