Wane littafi ne ke gefen gam da fentinku?

Baban Tankoki: Salam 'yan uwa masu haɗa ƙananan tankoki da jirage na roba. Ina so kowa ya kawo littafin tarihin yaƙi da ya canza masa yadda yake haɗa kaya. Ni yanzu ina kan T-34, tankin Tarayyar Soviet na Yaƙin Duniya na Biyu, na kamfanin Tamiya, sikelin 1/35, kuma littafin Stalingrad na Antony Beevor da ya fito 1998 shi ya sa zan bar shi da kalar ƙarfe kawai, don a ciki na karanta cewa a 1942 masana'antar tarakta ta garin Stalingrad tana fito da tankoki su wuce fagen daga kai tsaye, wasu ko fenti ba a samu yi musu ba. Takardar da ke cikin kwali ba za ta gaya maka wannan ba, ita dai ta ce shafa kore.

Mai Buroshi: Wa alaikumussalam yaya. Ni ƙananan littafan kamfanin Osprey ɗin nan nake bi, marasa kauri masu zane mai kala. A nan na gane maganar zimmerit, wannan kwaɓin da Jamusawa ke yaɓa wa tanki saboda nakiya mai maganaɗisu kar ta manne. Sai bayan gwabzawar Kursk ta Yuli 1943 aka fara shi kuma a Satumba 1944 aka daina, to duk mai haɗa tankin Jamus Tiger na Yuli 1943 ya bar jikinsa sumul.

Ɗan Fagge: Ni fa jirage ne nawa. Ina haɗa Hurricane, jirgin yaƙin Birtaniya, na kamfanin Airfix 1/72 mai wannan ƙaton matacin iska a ƙarƙashin hanci, sai nake karanta tarihin yaƙin hamada na Arewacin Afirka na ci karo da hanyar Takoradi, wallahi sai da na ajiye buroshi. Ashe tun 1940 ake kawo jiragen nan cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Ghana, a haɗa su a can, su tashi su bi ta Legas, su sauka Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, Khartoum har Alƙahira. Kenan irin jirgin da ke kan teburina ya sha mai a garinmu! Shi ya sa zan yi masa dandamali da jar ƙasa da durom ɗin mai, ƙurar kuma ba sai na duba hoto ba, na san kalarta lokacin hunturu.

Jikan Soja: Ɗan Fagge ka taɓo ni. Kakanmu Allah ya jiƙansa ya je Burma, bai cika son maganar ba, sai da na samu War Bush na John Hamilton kan runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma na fahimci abin da suka sha a kwarin Kaladan a 1944. Kusan babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsashi kuma daga sama jirgin dakon kaya Dakota ke jeho musu. Na haɗa Dakotar, amma abin da ke min ciwo na nemi 'yan mutum-mutumin sojojinmu na rasa, na Jamus kuwa kala-kala, dole na sayi na Birtaniya ina gyara hula da fuska ina ƙara musu adda a ƙugu.

Mai Buroshi: Allah ya jiƙan kaka. Amma ku yi hattara da hotunan baƙi da fari, suna ruɗi kan kala sosai, gara ka haɗa da abin da aka rubuta.

Baban Tankoki: Amin. Jikan Soja don Allah War Bush ɗin kwance ka samu ko sabo? Kuɗin aikowa ne ke karya ni, in akwai mai shi a Kaduna ina neman aro.