Zan kai Hajiyata Howth ta ga teku, waɗanda suka taɓa zuwa yaya kuka same shi?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Dublin da kewaye. Hajiyata ta zo min wankan jego daga Kano, yau kwananta talatin da biyar a Ayalan, ban da asibiti da kantin cefane babu inda ta leƙa. Jiya take cewa ita dai kada ta koma gida a tambaye ta abin da ta gani ta ce bango huɗu da ruwan sama. Ba ta taɓa tsayawa a bakin teku ba, ko da ta je Hajji daga filin jirgin Jidda mota ta kwashe su. Maigidan ya ce mu kai ta Howth, wani ƙaramin gari a bakin teku kusa da Dublin, ranar Asabar. Ni shekarata uku a garin nan ban taɓa zuwa ba, abin kunya ne amma gaskiya ce. Damuwata ita ce gwiwarta, shekarunta 68, ga jarirai biyu a keke. Wanda ya je don Allah ya faɗa min yadda ya kwashe da wurin, mai daɗin da marar daɗin.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam, Allah ya raya mana 'yan biyu. Anti, fara da jirgin, don a nan na sha tawa. DART, wato jirgin ƙasan Dublin, za ku hau daga tashar Connolly ko Tara Street, tafiyar kamar rabin awa ce, katin Leap ɗinki na biyan kuɗin bas da jirgi ya isa. Amma layin ya rabu biyu a Howth Junction, wani ya miƙe Malahide, wani ya karkata Howth. Ranar da na fara zuwa ina ganin jirgin ya nufi arewa na faɗa ciki ban karanta allon ba. Da na ga an rubuta Howth Junction sai na yi wuf na sauka, a zatona an iso. Na fito ina raba ido ina neman teku, babu komai sai gidaje da katangar masana'antu. Wani dattijo ne ya tausaya min, ya ce saura tasha uku, in koma in jira. Ki tabbata kin karanta inda jirgin ya nufa kafin ki shiga, kuma kada ku sauka sai ya tsaya cak a ƙarshen layi, wannan ce tashar Howth ta gaskiya. Su 'yan garin "Hoot" suke kiransa, suna ɗan jan wasalin, ni kuwa har na dawo "Hawus" nake cewa.

Bakatsiniya: Barka da arziki 'yar'uwa. Ni na kai surukata bara, ita ma ƙafar sai a hankali, to ki saurare ni. Howth wuri biyu ne a suna ɗaya. Akwai ƙasa, wato tashar jiragen kamun kifi, shimfiɗaɗɗiya ce kamar tsakar gida, ga benci ko'ina. Akwai kuma sama, hanyar da ta bi gefen dutse, wadda ake ɗauko hotunan da kike gani a Instagram. Ta saman nan ba ta Hajiya ba ce, ba kuma ta keken jarirai ba ce. Ku tsaya a ƙasa. Kuna fitowa daga tasha gadar yamma, wato dandamalin da ya miƙe cikin teku, tana kusa, nan ne shagunan kifi suke a jere da manyan jiragen masunta. Gadar gabas tana can ɗaya gefen, doguwa ce da hasumiyar fitila a ƙarshenta, daga nan ake hango tsibirin Ireland's Eye sosai kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne iska. Mun baro gida da rana tarwai, Mama ta ci ado da leshi da mayafi mai shara-shara, ta ce ai yau hoto za a yi. Muna hawa gadar gabas iska ta naɗe mayafin a fuskarta, zani yana neman tashi, ta riƙe nan ta saki can, tana ta salati. Ko rabin gadar ba mu kai ba muka juyo. Ki sa wa Hajiya wando mai kauri a ƙarƙashin zani, da hijabi mai nauyi, da rigar sanyi mai hula ko da kin ga rana. Lema kuwa ki bar ta a gida, tawa a nan ta juye ta karye.

Likitan Drogheda: Abin da Hajiya Bakatsiniya ta faɗa haka yake. Ni hulata ƙube ce ta tafi, sabuwa fil, ina kallo ta faɗa ruwa tsakanin jirage.

Ɗalibi Mai Keke: Ni dai bari in kare mutuncin saman dutsen, tunda an taru an yi masa rubdugu. Ba don Hajiya ba, don Maigidan Anti da duk wanda zai karanta wannan nan gaba. Mun je mu huɗu a watan Agusta, muka bi gajeriyar hanyar, wadda ke da alamar kibiya koriya, kilomita shida ce, awa biyu ta ɗauke mu da tsaye-tsayen hoto. Ana farawa da hawan titin Balscadden, kuma hawan nan shi ne ya fi cin ƙafa, kafin ka kai inda kwalta ta ƙare numfashinka ya fara fita sama-sama. Daga nan sai siririyar hanya, dutse a hannun dama, a hagu kuwa babu komai sai rami da teku can ƙasa yana dukan duwatsu. Wurare da yawa babu shinge. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya fi kowa cika baki a jirgi, shi ne ya koma tafiya yana dafa ciyawa.

Amma fa kyau ba a magana. Duk gangaren ya rufe da wata ciyawa mai fure ruwan hoda mai duhu, ga wata ƙaya mai fure ɗorawa a tsakani. Da ka sha kwana sai ga hasumiyar Baily can a kan hancin dutse, wadda aka gina a 1814 don jiragen da ke shiga Dublin, bayanta kuma duk faɗin bakin ruwan birnin har duwatsun Wicklow. Na zauna a wurin na rasa abin cewa sai tasbihi. Mun yi Azahar da La'asar a kan ciyawa nesa da hanya, babu wanda ya ko kalle mu sau biyu.

Anti, akwai dabara idan Hajiya ta nace sai ta ga saman: bas H3 yana hawa har Howth Summit. Daga inda yake tsayawa akwai ɗan hawa kaɗan zuwa wurin ajiye motoci, daga nan ana hango hasumiyar. In da mota za ku je ma ya fi sauƙi. Doguwar hanyar nan mai kilomita 12 kuwa, mun ce za mu dawo mata, har yau muna dawowa.

Hajiya Babba: Ku yara kuna ta dutse da iska, kun manta da ciki. 'Yata, kowa in ya je can kifi da soyayyen dankali yake ci, kuma kifin sabo ne, ba irin na firiza ba. Sai dai ki tambaya kafin ki saya. Wasu da giya suke kwaɓa fulawar da suke tsoma kifin, wasu kuma da kitsen dabba suke suya ba man gyaɗa ko na sunfulawa ba. Ni ban sani ba sai da wata yarinya mai sayarwa ta ga hijabina ta faɗa min da kanta, Allah ya shirye ta ya saka mata. Tun daga ranar nake tambaya, ba sa jin haushi, sun saba. Miyar kifin nan tasu mai madara ma a tambaya, wani lokaci da naman alade a ciki. Ni yanzu abin da nake yi, in sayi ɗanyen kifi a gadar yamma su gyara min, in zo gida in yi farfesuna da yajina. Ki tafi wa Hajiya da ɗan yaji a jaka, abincinsu gishiri da ruwan tsami ne kawai.

Ɗan Zazzau: Hajiya Babba ba ki faɗa mata ɓarayin ba.

Hajiya Babba: Af, ai kuwa! Fararen tsuntsayen tekun nan, kin san yadda shirwa take fauce nama a hannun yaro a bakin mahauta? To waɗannan sun fi ta rashin kunya, kuma girmansu ya kai na agwagwa. Jikana yana riƙe da kifinsa bai ko gutsura ba, ɗaya ya zo ta bayansa ya yi awon gaba da shi gaba ɗaya. Yaron ya yi kuka har Connolly. Ku ci a cikin shago, ko ku jingina da bango.

Malamin Tarihi: Tunda Hajiya dattijuwa ce, na san za ta so labari fiye da hoto. Idan kun bi gadar yamma zuwa ƙarshe, ku duba ƙasa, akwai sawun ƙafa biyu da aka sassaƙa a dutse, na Sarkin Ingila George na Huɗu ne da ya sauka a nan a 1821. Na gwada ƙafata a ciki, tawa ta fi. A gadar gabas kuma, a Yulin 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a wajenmu, wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Asgard ya sauke bindigogi 900 don masu neman 'yancin Ayalan, da rana tsaka. Jirgin yana nan a gidan tarihi na Collins Barracks.

Wanda ya fi burge mahaifina da na kai shi shi ne na tsohon gidan sarautar Howth. Ana ba da labarin wata jaruma mai jiragen ruwa, Grace O'Malley, ta zo gidan a matsayin baƙuwa aka ce mata masu gida suna cin abinci, ƙofa a rufe take. Sai ta ɗauke magajin gidan ta tafi da shi. Da aka zo fansa ta ce ba ta son kuɗi, sharaɗinta shi ne kada a sake rufe wa baƙo ƙofa lokacin cin abinci, kuma kullum a ajiye kwanon mutum ɗaya a teburi ko wani zai zo. Baba ya ce ashe su ma da can sun san haƙƙin baƙo, me ya same su daga baya da sai ka yi waya kafin ka je gidan mutum.

Likitan Drogheda: Ƙari ɗaya. Ku je da safe, kafin sha ɗaya, don Asabar in rana ta fito jirgin cika yake yi, keken 'yan biyu zai ba ku wahala. Akwai 'yar kasuwa daura da tasha a ƙarshen mako. Mu da muka je a Disamba ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Magariba ta yi, yanzu kuwa kuna da rana har wajen takwas.

Maman 'Yan Biyu: Jama'a mun je mun dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun karanta allo, mun sa wando a ƙarƙashin zani, mun tambayi mai kifi. Ba mu hau sama ba. Hajiya ta zauna a benci kusa da jiragen masunta, sai ga wata dabba ta ɗago kai daga ruwa, fuska kamar ta kare da gashin baki, tana kallonta. Ta zabura ta ce ayu ne, Maigidan ya ce sil ake ce mata kuma an hana ba su abinci, ita dai har yanzu ayu take cewa a waya. Sawun Sarkin ta ce ƙafar mata ce.

Abin da babu wanda ya hango shi ne sai da ta ce lallai sai ta taɓa ruwan da hannunta. Muka bi wani lungu bayan tashar jirgin zuwa rairayin Claremont, muka tarar ruwan ya janye can nesa. Matar da ke kukan gwiwa ita ce ta cire takalmi ta taka jiƙaƙƙen yashi har bakin ruwan, Maigidan yana riƙe da hannunta, ni ina tsaye da keke ina kiran ta dawo. Ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce wallahi da gaske ne gishiri ne. Ta juye ruwan gorarta ta cika ta da na teku, wai za ta kai wa ƙawayenta na Islamiyya su ma su lasa. Yanzu gorar tana kan firiji an hana kowa taɓawa. Likita, in mun naɗe ta da leda muka sa a babban akwati, za a bar ta ta wuce a filin jirgi?