Bayanan inji suna zuwa a makare, na kasa gano inda mai ke ƙaranci

Assalamu alaikum. Ina so in ɗauki bayanan inji kafin in taɓa taswirar mai, wato jadawalin yawan man da ake ba inji, a ECU, kwamfutar injin motar, amma abin ya ƙi.

Motar mai turbo ce, kwamfutarta tana aika bayanai ta layin sadarwa na K-line, wato ISO 9141-2, ba ta CAN mai sauri ba. Na jona adaftar OBD2 (ta karanta bayanan mota) mai Bluetooth da wayar salula, na zaɓi PID takwas, wato ma'aunan da ake karantawa daga ECU, ciki har da RPM (juyin inji a minti), matsin turbo, taimin (lokacin tartsatsin fulogi) da zafin iskar da ke shiga. Idan na taka totur har ƙasa a giya ta 3 daga RPM 2,500 zuwa 6,000, abin da bai wuce daƙiƙa 7 ba, layin bayanai biyar ko shida kawai nake samu. Ƙwanƙwasar inji da nake ji wajen 4,500 tana faɗawa tsakanin layi biyu, ba ta barin alama ko kaɗan.

Na rage PID zuwa uku. Ya ɗan yi sauri, amma bai kai ba. Sensar oksijin ta asali kuwa ba ta da amfani a nan, tana maƙalewa kusa da 0.9V da zarar an buɗe totur. Sai na ɗaura wideband, sensar da ke auna daidai yawan mai da iska, a bututun hayaƙi kafin katalis (matacin hayaƙi), amma tana rubuta nata fayil daban, agogonta da na wayar salula ba su zo ɗaya ba, tazarar ta kusa daƙiƙa guda. Da wannan ba zan yarda in ƙara taimin ba.

Wace hanya ce zan haɗa siginar 0-5V ta wideband da RPM da taimin a fayil ɗaya, aƙalla sau 10 a daƙiƙa, a mota mai K-line? Na gode.