Dan Allah a ba ni shawara: wasa kawai ɗana yake yi a nazare, in canja masa makaranta?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyaye, Admin dan Allah a ɓoye sunana. Ɗana shekararsa uku da rabi yana nazare amma har yanzu ban ga littafin rubutu ko aikin gida ba, kullum ya dawo riga duk kala, farce cike da yashi, in na ce me kuka yi yau sai ya ce mun gina gida ko mun yi wasan likita. Ɗan yayata sa'ansa ne, shi har ya cika littafi da ABC yana ƙirga zuwa hamsin. Babansa ya ce kuɗinmu kawai ake ci, a cire shi ƙarshen zangon nan, ni kuma yaron yana son makarantar, da safe shi yake ɗauko jakarsa da kansa. Ya zan yi?

Wata malamar nazare:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Wannan yashin da kalar su ne karatun nasa a yanzu. Yatsun ɗan shekara uku ba su gama ƙwari ba, shi yasa za ki ga ya damƙe fensir da duka hannu, to murza laka, zura zare cikin duwatsun ado, yanka takarda da ƙaramin almakashi, su ne suke ƙarfafa yatsun nan uku da zai riƙe fensir da su nan gaba. In aka tilasta masa cika shafi yanzu hannu zai gaji, riƙon fensirin ya karkace, wani ma ya tsani littafin gabaɗaya.
Batun ƙirga kuma ki gwada wannan yau, ki zuba masa murafen kwalba ki ce ba ni guda uku. Yara da yawa suna rera 1 zuwa 50 kamar waƙa amma in kin ce su miƙo uku sai su kwaso da hannu. Wanda ya taɓa kowane murfi ya ƙirga ya tsaya a uku shi ne ya fara fahimtar lissafi. Wasan likitan ma kar ki raina shi, a nan yake koyon jiran layi, sauraron wani, haɗa zance mai tsayi, da danne zuciya in an hana shi zama likitan. Wallahi wannan danne zuciyar ta fi wahalar koyarwa fiye da ABC.

Wani uba:
Malama na yarda da ke amma fa a faɗi gaskiya, wasu makarantun suna fakewa da sunan wasa su saki yara kawai, malama na gefe tana latsa waya. Hajiya ki nemi izini ki shiga ajin ki zauna. Ki duba malamar tana durƙusawa cikin yaran tana tambayarsu, wanne ya fi tsawo, me zai faru in mun ƙara ɗaya? Ana karanta musu labari? Ana waƙa? In kin tambaye ta me ɗana ya iya yanzu da bai iya ba a farkon zango ta amsa miki dalla-dalla, to bar shi. In ta fara kame-kame, maigidanki ya yi gaskiya.

Anti ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata, ta ɓangaren lafiya ma haka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, minti 60 daga ciki na guje-guje sosai, kallon waya ko talabijin kar ya wuce awa ɗaya, barci awa 10 zuwa 13. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2018 ta ba likitoci shawarar su riƙa rubuta wa iyaye wasa kamar yadda ake rubuta magani. Abin da zai sa ki damu daban ne, in ba ya haɗa jimla, ba ya juyowa in an kira shi, ko ba ya kula sauran yara, to nan a kai shi likita a duba har da kunnensa.

Wata uwa:
Kuma ba sabon yayi ba ne. Friedrich Froebel da ya kafa kindagatin, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, a Jamus a 1840 da ƙwallo da 'yan katako da waƙa ya fara. Maria Montessori likita ce, ta buɗe makarantarta ta ƙananan yara ta farko a birnin Rum a 1907, yara suna shafa haruffa masu kaushi da yatsa kafin su riƙe fensir. A Finlan sai shekara 7 ake shiga firamare.

Mai tambaya:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Na gwada murafen, ya ba ni uku daidai, da na ce biyar ne ya rikice. Yanzu ta ina zan ɓullo wa babansa?

Wani uba:
Kar ki ja da shi da baki Hajiya, ku tafi ajin tare ya gani da idonsa, shi ma ya yi wa malamar tambayar, sannan ku yanke hukunci kafin a biya kuɗin zango na gaba.