Kallabi da Kitson da Ke Ƙarƙashinsa

Makitsiya daga karkarar Ringim:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena. An gama girbi, hunturu ya kama, bukukuwa sun yawaita a ƙauyukanmu, kuma duk matar da ta zo kitso sai ta fara kwance ɗankwalinta a gabana, saboda haka ni nake ganin abin da ɗauri yake ɓoye wa ƴan biki. Na buɗe da waƙa ƙwar biyar, wato baiti mai layi biyar, babban amsa-amo kuma, wato gaɓar da ke rufe kowane baiti, «ya» ne, wadda za ta amsa ta riƙe shi ko da ta sauya yawan ɗango.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Salati ga Manzo shi ne ya dace,
Batuna yana kan adon kan mace,
Wanda ake ɗaurawa, a dawo a kwance,
Kallabi ke nan, jagaban kwalliya.

Turmin atamfa yadi shida ne,
A fid da riga, a fid da zane,
Abin da ya saura ɗankwali ne,
Amma shi ke fara jan idon mutane,
Tun ba a dubi zobe ba, balle abin wuya.

Sai dai idan an zauna gabana tsifa,
Na sa kan mace a tsakanin ƙafa,
Nakan ga gashi ya jiƙe da zufa,
Gaban goshi ya zube gabanin tsufa,
Ƙulli ya bar shaidarsa a kan ƙeya.

Ana jan ɗauri har jijiya ta tashi,
Atamfa mai sitaci tana gogar gashi,
Ta shanye man da aka shafa mashi,
Kitso ya bushe, amosani ya bi shi,
Sannan a ɗora laifin kan makitsiya.

Iyaye, ku ba ni amsa in kun duba,
Shin ɗaurin da can bai ci gashi ba,
Ko namu na yau ne bai yi daidai ba?
Don ni ban ga kakata da sanƙo ba,
Alhali kullum tana ɗaukar tulu daga rijiya.

Iya daga Kura:

Wa'alaikumus salam, ƴata. Jikata ce take buga mini wannan a waya, ni ina faɗa. A zamanin da zan ba ki labari Ringim da Kura jiha ɗaya suke, don sai a 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, saboda haka abin da kakarki ta ɗaura shi muka ɗaura. Mutanen birni suna taƙama da marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498, amma kowa ya san cewa in ana zancen shuni mai ƙyalli, garinmu ake nufi.

Ƴata, ki saurari amsa daga Kura,
Inda marina ke tsoma zane su ƙara,
Mabuga su ɗora shi kan gungume su gyara,
Sai ya yi walƙiya kafin mu ɗaura,
Turkuɗi ke nan, shuninsa har wuya.

Ba mu san sitaci ba, ba mu san fil ba,
Saƙar hannu ba ta taɓa yanka goshi ba,
Kitson doka ke riƙe ɗauri, ba ƙulli ba,
Mu naɗa sau biyu, ba mu matse shi ba,
Mu soke bakin a gefe, mu kama hanya.

Man shanu muke saye wurin Fulani,
Mu shafa wa gashi damina da rani,
Kallabin sussuka daban, na suna wani,
Don ƙaiƙayi in ya shiga kitso da yini,
Sai an kwana ana susa har safiya.

Fatalar da can takan yi aiki uku,
Ta rufe kai, ta zama gammo, in gaya muku,
Ta riƙe kuɗin cefane, amma shi naku
Yana can a tsaye bisa ƙoƙon shuku,
Iska kaɗan ta ture shi, a ga tsiya.

Jikar Iya:

Tunda da yatsuna aka buga wancan habaicin, ina da haƙƙin ramawa. Tsohuwar nan tana magana kamar yayi bai taɓa shiga ɗakinta ba, alhali ɗaurin da ake kira da sunan Maryam Babangida, uwargidan shugaban ƙasa daga 1985 zuwa 1993, wadda ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, har ƙauye ya iso, kuma su Iya ne suka tarbe shi. Mu namu ya haɗa da wanda ya ɗauki sunan Zahra Buhari tun bikinta na ƙarshen 2016, da ture-ka-ga-tsiya da Iya ta yi wa ba'a. Da ƙwar huɗu zan amsa.

Kishiyata, kin yabi shuni kin manta,
Cewa matashin kai duk shi ya ɓata,
Farar rigar mijinmu ma ya rina ta,
Aka yi ta wanki, tabo ya ƙi tafiya.

Kowane zamani da irin ɗaurinsa,
Na Maryam Babangida kun yi yayinsa,
Hotonki na nan, kin karkata bakinsa,
Kar ki ce mu ne muka ƙago kwalliya.

Nakan ninka ƙyallen gida biyu a tsaye,
In ɗora a ƙeya, in kawo in zagaye,
In gitta a goshi, bakin hagu in janye,
In soke ciki, in ta da tozo a tsakiya.

Ranar kamu anko muke ɗaurawa,
Ranar yini gwaggwaro muke kafawa,
Ashoke ne da muka aro gun Yarbawa,
Naɗa shi ma sana'a ce, sai an biya.

Yaya makitsiya, ke ma ki dubi hannunki,
Ƙananan kitson da kike ja da ƙarfinki,
Har ƙuraje su feso wa mai zama gabanki,
Su ma suna cin gashi, ki faɗi gaskiya.

Makitsiya daga karkarar Ringim:

Na gode, Iya, Allah ya ƙara girma. Ƙanwata kuwa ta kai bakinta inda ya dace, domin kitso mai tsauri da ɗauri mai tsauri ɓarnarsu ɗaya ce: saiwar gashi ce take shan ja a wuri guda kullum har ta gaji. Idan an sassauta tun ana ganin ƙananan ƙuraje da gajerun gashi a layin goshi, yawanci yakan dawo, amma idan aka shekara da shekaru a haka har fatar wurin ta yi sumul, to babu man da zai tsiro da shi.

Ƙanwata, ba ni nake son ja ba,
Mai kai ce ke cewa bai kamu ba,
Tana son ya kai wata bai warware ba,
In ce mata saiwa ba ta jure haka ba,
Ta ce in matse, ai ita ce mai biya.

Kitso ne ke ɗauke da kowane ɗauri,
Shuku na ɗaga gwaggwaro ya yi tsauri,
Wanda ya kwanta baya na son marar tauri,
Kalaba kuma a tufke ta tun da wuri,
A kwantar da jelar a ƙasan ƙeya.

In kin wanke kai, ki bari ya bushe,
Kafin ki rufe shi, ko da yaushe,
Don danshi da zafi, in iska ta toshe,
Sai wari ya tashi, kitson ya rushe,
Ko an bi shi da humra ba ya ɓuya.

Ki sa hula mai santsi a ƙarƙashi,
Ita za ta raba atamfa da gashi,
Man kaɗanya kaɗan ki murza ki bi shi,
Ki bar wurin yatsa biyu ya yi numfashi,
In kai ya fara sara, ki sassauta don lafiya.

Ki riƙa sauya inda ƙulli ke zama,
Yau a hagu, gobe ki kai shi dama,
Jibi ki sauke shi ƙasa, gata sama,
Da dare ki kwance, kai ya huta shi ma,
Mai laushi sako-sako ya isa har safiya.

Malama daga wajen Gumel:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ni matan aure nake karantarwa da dare, kuma damuwata da manyan ɗauri ta fi ƙarfin gashi. Shafar kai farilla ce a alwala, a mazhabarmu ta Malikiyya ma dukkan kai ake shafa, sannan aya ta 31 a Suratun Nur ta umarci mata su sauko da mayafansu a kan ƙirazansu.

Ƴan'uwa, akwai abin da kuka tsallake,
Gwaggwaron da aka biya aka kafa aka soke,
In La'asar ta yi ba a son a ɗauke,
Ga shafar kai na nan bayan an wanke
Fuska da hannuwa, bisa nassin aya.

Wata takan tara salloli sai da dare,
Don kar ta ɓata ninkin da ke a jere,
Ni shawarata a yi wanda za a zare,
A yi alwala, a mayar da shi a tsare,
Ba sai an nemo mai naɗi daga Haɗejiya.

Kallabi ado ne a cikin taron mata,
Amma in za ki fito waje, ƴata,
Mayafi ya sauko ƙirji ya rufe fata,
Tozon da kika ɗaga kar ya hana shi kwanta,
Haka muke koya wa matan Islamiyya.

Baba mabugi daga Kura:

Ku gafarce ni, iyayen gida, namiji ya shigo zancen mata, amma an taɓa sana'ar da na gada. Jikar Iya ba ta san cewa zubar shuni ce shaidar kaya na ƙwarai ba. Turkuɗi ba a jefa shi a bahon wanki tare da sauran tufafi, domin ruwa yana kashe ƙyallinsa, sai dai a ninke shi a adana, in ya dushe a mayar wa mabuga.

Jikata, shunin nan da kike kushewa,
Shi Buzu ke bi daga Azbin da tahowa,
In bai bar shuɗi a kunci ba, ba ya naɗawa,
Mu ke barbaɗa garin shuni muna bugawa,
Tun daga hantsi har la'asar sakaliya.

Yanzu atamfar Kwari ta cika ƙauye,
Karofi da yawa ciyawa ta mamaye,
Amma duk mai son kallabin iyaye,
Ta kawo farin ƙyalle, muna nan a shirye,
Mu tsoma shi a baba, ta ɗaura a ga amarya.

Mai tallar nono daga wajen Wudil:

Sannunku da waƙa. Na saurari kowa, amma ban ji wadda ta tuna da mu masu ɗaukar kaya ba, in ban da Iya da ta ambaci gammo. Ƙwar uku kawai na iya.

Ku masu tozo, ni kaina wurin aiki ne,
Ƙwaryar nono da faifai a kansa suke zaune,
Duk ranar Juma'a Wudil nake tafiya.

Kallabina a kwance yake, ba ya tashi,
In murɗe tsohon zane, gammo ya hau kanshi,
Sannan a taya ni in ɗora ƙwarya.

Makitsiya, ni tsakar kai ce damuwata,
Nan gashi ya sirance, ana hango fata,
Wane kitso ya dace da mai ɗaukar kaya?

Makitsiya daga karkarar Ringim:

Yaya, shuku ba naki ba ne, ki bar shi,
Don tulin tsakiya gammo zai danne shi,
A raba kitson gida biyu, a sauke gashi,
Ya bi ta bayan kunne, kallabi ya rufe shi,
Gammon ya yi faɗi, nauyi ya kewaya.

Iya daga Kura:

Jikata ta ƙi buga mini wannan, sai da na aika aka kira yaron maƙwabta.

Kishiya, hoton nan da kike faɗa,
Ranar sunan goggonki ne na naɗa,
Ba fil, ba madubi, da hannu na haɗa,
Na fito tsakar gida aka rangaɗa guɗa,
Kakanki ya kasa cin tuwo da miya.

Turkuɗina da ke ƙasan adaka,
Na nema jiya, babu shi a ɗaka,
An ce an ga kin cusa shi a jaka,
Ashe mai kushe shuni ce ke yin haka,
Ki dawo da shi kafin Magariba, ko ki biya.