Jakuzi, baho ko kwami: me za mu kira ruwan ɗumin da ake zama a ciki?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Akwai wata kalma da ta hana ni sakat kwana uku ke nan. Ina fassara wani bayani ne kan masu ciwon gaɓɓai, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira hot tub. Hannuna ya riga ya rubuta "jakuzi", na zo wucewa, sai zuciyata ta ƙi amincewa. Na goge. Na kawo maganar gabanku, kun ba da shawarwari, yanzu ga inda na tsaya da dalilina.

Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Babban mazubin ruwa ne, mai zurfin da in mutum ya zauna ruwa zai kai masa ƙirji ko kafaɗa. Wani na mutum biyu ne, wani yana ɗaukar shida ko bakwai, kuma galibi a waje ake ajiye shi. Ba a zubar da ruwansa bayan an fita. Na'ura ce ke riƙe da ɗuminsa, matata na tace shi, a rufe shi da murfi mai kauri har sai an dawo. Ba a shiga da soso da sabulu. Wanka ma kafin a shiga ake yi. Zama kawai ake yi a ciki jiki ya saki.

Saboda haka "bahon wanka" da "kwamin wanka" sun faɗi tun daga farko. Waɗannan sunayen suna da mai su, wato wanda ke cikin banɗaki, da ake cikawa a yi wanka a zare toshiya ruwa ya tafi. In muka haɗa su a suna ɗaya, mai karatu zai ɗauka ana cewa mutum shida su cuɗa jiki a ruwa guda. "Tafkin ɗumi" da wani ɗan'uwa ya kawo yana da daɗin ji, amma tafki ya yi girma. Ba a ninƙaya a cikin wannan abin.

Mafi yawanku jakuzi kuka zaɓa, kuma na fahimci dalili. Kalmar ta riga ta shigo, ta zauna a baki, ba ta da wuyar faɗa. Ba na ƙyamar aro. Mota, tebur, asibiti, duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Matsalata da jakuzi biyu ce.

Ta farko, Jacuzzi sunan dangi ne kuma sunan kamfani. 'Yan'uwa bakwai ne da suka yi ƙaura daga Italiya zuwa Kalifoniya, suka kafa kamfani a 1915. Farfelar jirgin sama suka fara ƙerawa, daga baya suka koma famfunan ban ruwa na gona. A shekarun 1940 ɗaya daga cikinsu, Candido Jacuzzi, ɗan ƙaramin yaronsa ya kamu da amosanin gaɓɓai. Ana kai shi asibiti ana sa shi a ruwa mai motsi yana samun sauƙi, sai uban ya nemi yadda za a riƙa yi masa a gida. Ya ƙera ɗan famfo da ake jefawa cikin bahon wanka ya riƙa kaɗa ruwa. An fara sayar da shi a 1956. A 1968 wani ɗan dangin, Roy Jacuzzi, ya fito da baho wanda bututun feshin ke jikinsa. To ka ga abin da sunan ke nufi tun asali shi ne ruwa mai feshi da kumfa. Alhali akwai irin wannan mazubi da yawa da ba su da famfo ko ɗaya, ganga ce ta katako da murhun itace a gefe. Ba za ka kira wannan jakuzi ba sai ka yi wa gaskiya ƙari.

Ta biyu ita ce ta fi damuna. Ku faɗi "jakuzi" a gaban kowa ku ga abin da zai zo masa a rai: katafaren gida, babban otal, attajiri yana hutawa. Kalmar ta shigo mana ɗauke da ƙamshin kuɗi. Abin da aka ƙirƙira saboda yaro mai ciwo ya koma alamar alfahari. In na rubuta wa tsohuwa mai ciwon gwiwa cewa zama a jakuzi yana rage raɗaɗi, na san abin da za ta ce: wannan ai ba da mu ake ba. Ta rufe takardar, alhali saƙon ruwan ɗumi ne kawai, ba na dukiya ba.

A nan ne wani dattijo a cikinmu ya tare ni. Ya ce ai gaskiya kalmar ta faɗa, abin na masu hali ne, me ya sa za mu ɓoye? Baba, Allah ya ƙara girma, na ji hujjarka, kuma rabinta na karɓa. Bari mu yi lissafin a fili.

Ɗauki matsakaici mai cin lita 1,200. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tan ɗaya da ɗoriya kafin mutum ko ɗaya ya shiga. Wannan kaɗai ya nuna ana buƙatar fili da daɓe mai ƙarfi, ba a ɗora shi a barandar bene da ka. Sai ɗumamawa. Kafin a ɗaga wannan ruwan daga digiri 15 zuwa 38 sai ya ci wutar lantarki kusan kilowat-awa 32. Na'ura mai ƙarfin kilowat 2 za ta yi awa 16 tana aiki ba tsayawa, wannan ma in zafin bai riƙa tsiyayewa ta gefe ba, kuma yana tsiyayewa. Bayan nan kullum sai an riƙe ɗumin, ko an shiga ko ba a shiga ba, kuma in ana sanyi cin wutar ya ninka.

Ga kuma tsafta, wadda mutane suka fi mantawa. Ruwa mai ɗumi da ke tsaye gida ne na ƙwayoyin cuta. Akwai Legionella, wadda ke bin tururi da feshi ta shiga huhu ta jawo mummunan ciwon haƙarƙari. Akwai Pseudomonas mai sa ƙuraje a fata. Don haka dole a riƙa zuba kulorin ko buromin, a riƙa gwada ruwan a kai a kai, a wanke matata, a sauya ruwan gaba ɗaya duk bayan wata uku ko huɗu. Sayen abin ba shi ne aiki ba, ciyar da shi ne aiki, kamar doki. Mai ƙirga kuɗin wuta a ƙarshen wata bai kamata a ruɗe shi da cewa ai ga mai araha ba. A nan Baba ya yi gaskiya.

Inda muka rabu shi ne, "mai ɗan sarari" daban, "attajiri" daban. Yau akwai na roba da ake hura wa iska, a cika, a gama a sace iskar a naɗe. Kuɗinsa bai kama ƙafar na kafaffen ba, duk da dai ba ya daɗewa kuma ba ya riƙe ɗumi sosai. Akwai na itace da mutanen karkara a Suwidin da Finlan ke haɗawa, wanda ba ruwansa da lantarki. Su kansu na Amurka na zamani, a shekarun 1960 mutanen Kalifoniya daga tsofaffin gangunan katako da masu giya suka daina amfani da su suka fara yin su. Kayan da aka yar ne aka mayar wurin zama.

Sannan mallaka daban, samu daban. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A tsohuwar daular Rum gidajen wanka na jama'a ne, irin na sarki Caracalla da aka buɗe a shekara ta 216, kuma ɗakin ruwan zafi na cikinsu talaka na shiga da mafi ƙanƙantar tsabar kuɗi. A Jafan kwamin zama a ruwan ɗumi, wanda suke kira furo, yana cikin gidajen talakawa da na masu kuɗi, a wanke jiki tas a waje sannan a shiga, iyali su bi juna a ruwa ɗaya. Wanda ba shi da shi a gida ya tafi na unguwa, sento. A Aisland kusan kowane gari yana da wurin ninƙaya na jama'a da kwamin ɗumi a gefe, zafin ƙarƙashin ƙasa ne ke ɗumama musu ruwan. Lebura da babban ma'aikaci su zauna kafaɗa da kafaɗa ana hira. Abin ya daɗe a wurinsu, don har yau akwai wanda ake dangantawa da marubucinsu Snorri Sturluson na ƙarni na 13 a Reykholt. Ina attajirci a nan?

Ku lura kuma da yadda waɗannan mutane suka raɗa suna. 'Yan Aisland suna cewa heitur pottur, wato tukunya mai zafi. 'Yan Suwidin suna cewa badtunna, gangar wanka. Ita kanta kalmar Ingilishin, tub, mazubin katako ne na wanki da ɗiban ruwa. Babu wanda ya je neman suna a fada. Kowa ya waiwaya tsakar gidansa ya ɗauko abin da ya sani. Mu ma hakan nake so mu yi.

Saura zaɓi tsakanin baho da kwami. Baho kowa ya san shi, amma a kunnen Bahaushe ƙarami ne, na wanki da wankan yara, ana ɗaga shi da hannu biyu. Kwami kuwa babba ne, a girke yake, yana da zurfi, ruwa na kwana a cikinsa. Wata 'yar'uwa ta ce kwami na shayar da dabbobi ne, bai dace da mutane ba. Yaya, ai tuni muka saba da "kwamin wanka" ba wanda ya ji an ci masa fuska. Kalmar ta riga ta shiga ɗaki. Na san wasu "komi" suke cewa, kuma daidai ne, sai dai a rubuce "komin ɗumi" zai rikice da irin "komin daɗewa", mai karatu ya zaci ana nufin duk yadda ɗumi ya kai. Shi ya sa na fi son siffar kwami.

Rabin sunan na biyu ya fi ba ni wahala. Malam guda ya kawo "kwamin gashi", tunda muna cewa a gasa jiki da ruwan zafi. Malam, ta fuskar ma'ana babu wanda ya kai ka kusa, don amfanin abin ke nan. Amma rubutunmu ba ya nuna karin sauti, kuma gashi uku ne a takarda ɗaya: na kai, na nama, na jiki. Wanda bai taɓa jin sunan ba zai yi tuntuɓe. "Kwamin ruwan zafi" kuma fassara ce kalma da kalma, kuma tana da haɗari. Ruwan zafi a wurinmu shi ne wanda aka sauke daga wuta, sai an sirka. Wannan kuwa bai kamata ya wuce digiri 40 ba, iyakar da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kai, alhali jikin mutum 37 ne. Ko a hakan ana jan kunnen masu juna biyu, da ƙananan yara, da masu ciwon zuciya. Abin da ya ɗara jiki da digiri biyu ko uku ɗumi ne. Sunan da zai sa wani ya zaci ana son ruwa ya yi ƙuna bai kamata ya fito daga alƙalaminmu ba.

Don haka na tsaya a kan kwamin ɗumi. Sai dai a kiyaye ƙugiyar ɗ, don "dumi" maras ƙugiya surutu ne a bakin Hausawa da yawa.

Na gwada shi a jimla, don sunan da bai zauna a jimla ba bai zaunu ba. "Likita ya ce ta riƙa shiga kwamin ɗumi na minti 15." "Sun sayi kwamin ɗumi na hurawa." "Kwamin ɗumin itace ne, ba ya cin wuta." "A rufe kwamin ɗumin kada yara su faɗa." Duk sun tafi sumul a bakina. Jakuzi kuma ban kore ta ba. Ta zauna a matsayin sunan nau'i ɗaya, kwamin ɗumi mai feshi, wanda ke kaɗa ruwa yana dukan baya da ƙugu.

Na koma kan fassarata na gyara layin. Yanzu yana cewa: "Zama a kwamin ɗumi yana sassauta jijiyoyi, yana rage raɗaɗin gaɓɓai, ko na gida ne ko na wurin jama'a." Wanda ya ga inda sunan zai karye a jimla, ya kawo jimlar mu duba tare kafin in miƙa aikin ranar Litinin.